Takabar Sakinatu

Iya ta ɗaga ƙunshin da aka aiko daga gidan Malama Ƙaltume, ta jijjiga shi kusa da kunnenta, ta ajiye.

"Wannan ma littafi ne," ta ce. "Ni dai ban taɓa ganin saurayi irin naki ba, Safiyya. 'Ya'yan mutane ana kawo musu turare da abaya daga kantunan Sultana, ke kullum takarda da kaset. Ranar biki su za mu dafa wa baƙi?"

"Ni na ce ya kawo, Iya."

"Ai na sani. Sai hali ya zo ɗaya."

Safiyyatu ta karɓi ƙunshin tana murmushi, ta shige ɗaki don kada Iya ta ga yadda take rawar jiki wajen kwance shi.

A shekarar 1998 ne, a wani lungu da ke bayan Anbariyya, inda Hausawan Madina suka taru gida na jingine da gida. A lungun nan, duk ɗa namiji da ya kai shekara bakwai, ubansa zai riƙe hannunsa ya kai shi Harami, ya damƙa shi ga malamin da aka san wanda ya karantar da shi, aka san wanda ya karantar da wancan. Mace kuwa, zauren Malama Ƙaltume ne makarantarta. Shekara talatin ke nan Malama tana tara 'yan mata bayan la'asar. Su yi Fatiha zuwa Sabbi, su koyi alwala da tahiya, sauran kuma abin da Malama ta ji ne daga bakin kakarta. In an yi awa guda sai a jawo buhun gyaɗa, yara su zauna ɓara har magariba, Malama ta soya a sayar wa alhazai. Ba a taɓa ganin wani uba ya tsaya a bakin zauren ya tambayi me ake koya wa 'yarsa ba. Tunda ta iya sallah, ai shi ke nan.

Shekara tara Safiyyatu ta yi a zauren. Yayanta Yazid shi aka kai Harami, ya yi abin da ya yi, ya watsar ya koma garejin gyaran mota, ya bar littattafansa a saman kabad suna shan ƙura. Ita ta sauko da su. Da wahala ta fara, da ƙamus a gefe, tana rubuta tambayoyinta a gefen shafi ba tare da ta san wanda zai amsa ba. Wata rana abokin Yazid, Lurwanu, ɗan Malama Ƙaltume tilo, wanda ya gama jami'a a fannin Shari'a yake koyar da yara maza, ya ari ɗaya daga cikin littattafan. Da ya dawo da shi, kowace tambaya da amsarta a ƙasa da jan biro. Daga nan aka fara. An yi baiko, an sa rana bayan aikin Hajji, Iya kuma ta yarda su riƙa gaisawa ta tarho sau biyu a mako, tana zaune a wajen.

Ana cikin wannan shiri ne mutuwa ta shigo lungun. Maigandi, direban babbar motar da ke ɗauko dabino daga Khaibar, ya yi haɗari a hanya, ko asibiti bai kai ba. Matarsa Sakinatu ɗiyar yayar Iya ce. A Madina aka haife ta, amma takardunta na Chadi ne irin na mahaifinta. Tana aikin shara da goge-goge a wani kamfani mai kula da masaukan alhazai, igamarta ta zama a ƙasar kuma da sunan kamfanin take. 'Ya'yanta uku, babbar ba ta kai goma ba.

Ranar sadakar bakwai mata suka cika ɗakin Sakinatu har tsakar gida. Ana zagayawa da gahawa da dabino. Sakinatu tana kusurwa cikin tsohon zane, kanta ba kitso, da 'yar wuƙa a hannu kamar yadda Malama ta umarta, wai don kada mamacin ya riƙa zuwar mata. Da aka shafa addu'a, sai ta matso gaban Malama ta yi ƙasa da murya.

"Malama, sharika, wato kamfanin da nake wa aiki, ta aiko. Kwana goma sha biyar suka ba ni daga ranar rasuwar. Sun ce in ban koma aiki ba za su cire sunana, igamata kuma a hannunsu take. Yaya zan yi?"

Malama ta ajiye finjalin gahawarta. Mace ce doguwa mai kwarjini, wadda ba ta saba maimaita magana ba.

"Wata huɗu da kwana goma. Ko bakin ƙofa ba za ki taka ba. Mai takaba in ta fita titi, kowane taku nata garwashi ne a kabarin mijinta. Kina so ki ƙona Maigandi?"

Sakinatu ta girgiza kai, hawaye na zuba a kan wuƙar.

Safiyyatu tana riƙe da butar gahawa. Ta san babin nan. Watan jiya ta karanta shi, da jan biron Lurwanu a ƙarƙashin layin. Ta dubi Iya, Iya ta yi mata ido alamar kul. Ta dubi yaran Sakinatu uku da ke rakuɓe a bayan uwarsu.

"Malama, ki gafarce ni," ta ce. "Abin da malamai suka rubuta shi ne mai takaba tana iya fita da rana don buƙatarta, in dai za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ado ne aka hana ta, da aure, da kwana a wani wuri. Ba a hana ta neman abincin 'ya'yanta ba. Ko a mazhabarmu ta Malikiyya haka yake."

Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi," a hankali.

Malama ta juyo gaba ɗaya. "Wa ke magana?"

"Ni ce, Malama."

"Ke ce. Wa ya koya miki alif?"

"Ke ce."

"To yau ɗan tsako ke koya wa kaza tono." Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. "Ku saurara. Ɗana shekara huɗu ya yi a jami'a, a gidana yake kwana yake tashi. Takaba nawa na zaunar yana gani? Da akwai kuskure a ciki, da bai faɗa mini ba? Ko ita ta fi shi karatu ne?"

Malama ta ja mayafinta ta fita, mata suka buɗa mata hanya.

Washegari saƙo ya iso gidan Malam Haladu, mahaifin Safiyyatu. An ɗaga biki. Ba kuma za a sake sa rana ba sai Safiyyatu ta zo zaure, a gaban matan da ta yi abin a gabansu, ta ce ƙarya ta yi.

Malam Haladu tela ne, mutum mai gudun fitina. Ya kira ta ya zaunar.

"Me ya kai ki? Mace da karatun maza, ga irinta nan. Gobe ki shirya uwarki ta raka ki."

"Baba, in na ce ƙarya na yi, Yaya Sakinatu za ta rasa aikinta."

"Ke kika ba ta aikin? Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Zan durƙusa, Baba. Ƙaryar ce ba zan iya ba."

Ya daɗe yana kallon ta, ya ce, "Allah ya shirye ki," ya koma kan kekensa.

Da la'asar tarho ya yi ƙara. Iya ta ɗauka, ta miƙa mata.

"Safiyya." Muryar Lurwanu ta yi sanyi kamar ta marar lafiya. "Me kika yi mana?"

"Ustaz, ka ce mini abin da na faɗa ba daidai ba ne."

"Daidai ne. Kin san daidai ne. Amma ba a nan matsalar take ba."

"A ina take?"

"Uwata ce, Safiyya. Shekara talatin ana kiran ta Malama. Ya'ani, so kike in tsaya a gabanta in ce ba ta sani ba? Kalma ɗaya ce kawai. Ki faɗa, a wuce wajen, in mun yi aure sai mu gyara komai a hankali."

"Kwana bakwai suka rage wa Yaya Sakinatu. Ba sai ka je wajen Malama ba. Ka tsaya a ƙofar Yaya, daga waje, ka faɗa mata abin da ka faɗa mini yanzu. Kai za ta ji."



"Bari Ummi ta huce tukuna," ya ce.

Ta ajiye tarhon a hankali. Iya ta kau da kai.

Kullum Safiyyatu sai ta je ɗakin Sakinatu da littafin a cikin abayarta. Ta buɗe, ta sa yatsa a kan layin, ta fassara mata kalma kalma. Sakinatu takan kalli shafin kamar mai kallon bango. Ita ma a zauren Malama ta tashi, ƙananan surori ta haddace da ka, ba ta iya haɗa baƙi.

"Safiyya, ke kina da littafi, ni tsoro nake da shi," ta ce mata ranar ƙarshe. "In na fita, na dawo na kwanta, na yi mafarkin Maigandi yana ihu fa? Kuma in ke ce da gaskiya, me ya hana Ustaz faɗa? Ga gidansu can, taku nawa ne?"

Safiyyatu ta rufe littafin, ta mayar da shi cikin abayarta.

Kwana goma sha biyar suka cika, kamfani ya cire sunan Sakinatu. Ta zauna a ɗaki wata huɗu da kwana goma, maƙwabta na kai mata abinci, da farko kullum, daga baya in an tuna. Ranar da ta fita takaba aka yi mata wanka da kitso, Malama da kanta ta zo ta sa mata albarka, ta ce ta cika mace. A lokacin igamarta ta riga ta mutu, ba kuma wanda zai sabunta mata. Ta fara shimfiɗa tabarma a hanyar Harami tana sayar da carbi da hula. Bayan alhazai sun watse aka yi kamen marasa takarda, aka haɗa da ita. Cikin mako uku aka sa ta a jirgi da 'ya'yanta zuwa Injamena, babban birnin Chadi, garin da ba ta taɓa gani ba, inda ba ta san kowa ba sai sunan wani kawu.

A lungu aka ce ƙaddara ce. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, in ma an haɗa, ba a faɗa ba. Safiyyatu ce dai aka ci gaba da nunawa da baki. In ta shiga gidan suna sai hira ta mutu. 'Yan matan da suka yi zaure tare suka sa mata suna Shehiya. Ranar da aka sa tun farko ta zo ta wuce, Iya ta mayar da kayan ɗaki cikin kwali ta tura ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta daina son sa ba. Lurwanu ke jan sallar la'asar a ƙaramin masallacin unguwa, lasifikar kuma tana kallon tagar kicin ɗinsu. Da ya ce "Allahu Akbar" sai ta tsaya da abin da take yi. Wani lokaci ta ji kamar ta je ta faɗi kalmar a huta, tunda wadda ake yi dominta ma ta tafi. Ya kira sau uku a watannin nan. Duk sau ukun magana ɗaya ce, ta yi haƙuri ta faɗa. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta kuma taɓa zagin uwarsa ko a bayan ido ba. In sun haɗu da Malama a hanya takan rusuna ta gaishe ta, Malama ta wuce kamar ba ta ji ba.

Wata na takwas Malam Haladu ya gaji.

"Ranar Alhamis za ki je," ya ce. "Ba shawara nake ba ki ba. Sakinatu ta tafi, me ya rage kike karewa? In kin ƙi, ki san ba da yawuna kike zaune a gidan nan ba."

Iya ta fashe da kuka. Safiyyatu ta ce, "To, Baba. Zan je."

Ranar Alhamis bayan la'asar zauren Malama ya cika. Matan da suka halarci sadakar bakwai duk sun zo, har da waɗanda ba su halarta ba. 'Yan makaranta su wajen ashirin an tura su jikin bango, tiren gyaɗa a gabansu. Malama tana kan buzunta. Bayanta akwai labule mai kauri da ya raba zauren da cikin gida.

Safiyyatu ta durƙusa har gwiwoyinta suka taɓa siminti.

"Malama, na zo neman gafara. Ke kika koya mini Fatihar da nake sallah da ita. Ya kamata in same ki ke kaɗai, ban yi ba, na yi magana a gaban mutane. Wannan laifina ne, ki yafe mini."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan, Malama."

"Ban ji kin ce ƙarya kika yi ba."

Iya ta taɓa ta ta baya. Safiyyatu ta ɗaga kai, idonta ya sauka a kan yaran da ke jikin bango. Duk sun daina ɓara suna kallon ta.

"Ba zan iya ba. Yaran nan suna ji. Wata a cikinsu za ta yi takaba wata rana, kuma abin da na faɗa yau shi za ta tuna."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Malama ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ba ta yi fushi ba, murmushi ma ta yi, irin na wanda ya san inda zai kama mutum.

"Madalla. Yau za a gama. Lurwanu," ta kira ba tare da ta waiwaya ba. "Na san kana ciki. Zo bakin labule."

Aka ji takun sa, aka ga yatsun ƙafarsa a ƙasan labulen.

"Na'am, Ummi."

"Ban taɓa sa ka a maganar mata ba, yau na sa ka. Kai ka yi jami'a. Faɗa wa yarinyar nan, mutane su ji, mai takaba tana fita ko ba ta fita? Kuma ka ji tsoron Allah, a garin Manzo kake."

Safiyyatu tana kallon yatsun nan suna motsi a kan siminti. Ta san idan ya bi bayan uwarsa, ita ta zama maƙaryaciya a lungun nan har ta mutu. Idan kuma ya faɗi gaskiya, ba ta ga yadda Malama za ta karɓe ta a matsayin suruka ba. Ta kowace fuska dai ta ga ta rasa shi. Ta sunkuyar da kai ta jira.

"Lurwanu, da kai nake."

"Ummi…" Muryar ta karye, ya sake farawa. "Ummi, abin da ta faɗa shi ne daidai. Tana fita da rana in da buƙata. Babu garwashi, babu wuƙa. Ba su da asali."

Wata mata ta saki salati. Malama ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta juya a hankali ta fuskanci labulen, ta ba matan baya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ummi, mu shiga ciki."

"A nan na tambaye ka. Tun yaushe?"

"Tun shekarar farko a jami'a."

"Shekara nawa ke nan?"

"Tara."

"Tara." Ta fara lanƙwasa yatsunta, leɓɓanta na motsi. Sunayen mata take kira, waɗanda ta zaunar a shekarun nan. Wasu suna cikin zauren, suka sunkuyar da kai da aka zo kansu. Ta ƙare da Sakinatu.

"Ina da shekara tara aka cire ni daga karatu," ta ce, har yanzu labulen take yi wa magana. "A garin Kasala, muna hanyar zuwa nan da ƙafa. Yayyena maza suka ci gaba, ni aka ba ni tulu. Abin da na tsinta a bakin tsofaffi shi na riƙe, shi na bayar, ban ɓoye komai ba. Da na haife ka na ce to, ga wanda zai je ya ɗebo mana. Gyaɗar da yaran mutane suka ɓare da hannunsu, da ita na saya maka littattafan nan. Ashe ka je rijiya ka sha ka ƙoshi, ka dawo ka zauna kana kallo ina ba 'ya'yan mutane ruwan kwata."

"Kunyarki na ji, Ummi."

"Kunyata." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yarinyar nan ta kunyata ni rana ɗaya. Kai shekara tara kana yi, ban sani ba. Da wane baki zan amsa tambayar Sakinatu ranar da za a tsayar da mu?"

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafarta ta ƙi. Safiyyatu ce mafi kusa, ta miƙa hannu. Malama ta dubi hannun, ta dafa bango ta tashi da kanta, ta ɗaga labule ta shige.

Kwana shida zauren yana rufe. A na bakwai, da hantsi, aka yi sallama a gidan Malam Haladu. Iya ta leƙa ta dawo da sauri tana gyara ɗankwali. Malama Ƙaltume ce, wadda rabon ta da shiga gidan wani in ba mutuwa ko haihuwa ba har an manta. Ta rame. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a tabarma, ta ce a kira mata Safiyyatu.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu in na tuna ranar nan raina yana ɓaci," ta ce. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. Ranar Asabar zan buɗe zaure. Ke za ki zauna a buzu. Ni zan zauna da yara."

"Malama, wane ni—"

"Ban gama ba. Na sa an fitar da buhun gyaɗa. Sai maganar ɗana. Ban zo roƙa masa ba, don ban ga abin da ya yi da za a roƙa masa ba. In kin ce kin fasa, ni zan fara cewa kin yi daidai."

Safiyyatu ta sunkuyar da kai. Wata takwas tana jiran wannan rana, ga ta ta zo, amma ba ta ji daɗin da ta zata ba. Fuskar Sakinatu take gani da wuƙa a hannu.

"Ina son sa, Malama," ta ce, Iya ta zaro ido don jin irin wannan magana a gaban suruka. "Amma ba zan zauna da malamin da karatunsa ya tsaya a masallaci ba. Ya zo bayan labulen nan kowace Litinin da Alhamis, yara da iyayensu mata su tambaye shi duk abin da suke so, ya amsa. Ya kuma bi abokansa malamai su ma su karɓi kwanaki. Sannan ya nemo inda Yaya Sakinatu take, ya faɗa mata da bakinsa cewa ya sani ya yi shiru."

"Zai yi," in ji Malama. "In bai yi ba, ni da shi ne."

Ya yi. A watan Rajab aka ɗaura aure, ba wani taro mai yawa. Ranar da aka kai ta, da mutane suka watse, Lurwanu ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Kin yafe mini?" Ta ce, "Nawa na yafe tuntuni, Ustaz. Sauran ba a hannuna yake ba." Sun zauna lafiya, ya riƙe ta da mutunci, bai kuma taɓa fashin Litinin da Alhamis ba. Cikin shekara uku zauren ya fitar da 'yan mata masu buɗe littafi su karanta da kansu, Malama Ƙaltume kuma tana cikin masu ɗaga hannu su yi tambaya, da gilashinta a kan hanci.

To, mai karatu, haƙuri yana da lada, Safiyyatu ta ga nata. Amma a lura da irin haƙurin da ta yi. Ta jure gori da jira, ta girmama na gaba da ita, ba ta kuma sayi aure da ƙarya ba. Shirun Lurwanu kuwa ba haƙuri ba ne, ba kuma biyayya ba ce, ko da ya kira shi da sunan kunya. Jama'ar da ta kai 'ya'yanta maza gaban manyan malamai ta bar mata da abin da aka tsinta, kada ta yi mamaki in ɓarnar ta faɗo a kan marayunta.

Sakinatu ba ta dawo ba. Sai da aka shekara biyu kafin Lurwanu ya samu lambar wani shago a Injamena inda ake kiran ta. Ya faɗa mata komai, Malama ma ta karɓi tarhon ta yi kuka ta nemi gafara. Sakinatu ta saurara har suka gama. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ta ce su yi haƙuri za ta ajiye, ta bar babbar 'yarta ita kaɗai a bakin kasuwa da tiren talla.